Yadda Ake Zaɓen Ma'aunin Zafin Nama Na Obin Wanda Zai Yi Ƙarko

Tun bayan Babbar Sallah tambayar da ta fi zuwa mini ita ce: "Anti, wane ma'aunin zafi kike soka wa nama, kuma a ina ake samun wanda ba zai mutu cikin wata biyu ba?" Wata ta ce ta gasa cinyar rago, waje ya yi ja gwanin sha'awa, da maigida ya sa wuƙa gaban baƙi sai ga jini-jini a gindin ƙashi. Wata kuma tsoron hakan ne ya sa take barin kaza a obin har ta bushe kamar kilishi. Ma'aunin zafi shi ne maganin duka biyun, amma sai an dace da na kirki.

Ni da kaina ma'auni uku na kashe kafin na gane inda matsalar take. Duka ukun allonsu lafiya lau yake, har yau suna cikin durowa, idan na sa batir suna kamawa. Abin da ya mutu tsinken ne, wato siririn ƙarfen da ake soka wa nama, da wayarsa. Saboda haka a wannan jagora za ki ga na fi daɗewa a kan tsinke da waya fiye da komai. Da uwargida nake magana, amma maza masu gashi su ma su saurara.

1. Fara sanin irin wanda kike nema

Iri uku ne a kasuwa, kuma kowanne da aikinsa.

Akwai na soka-ki-zare. Shi ne mai kama da wuƙar aljihu, ana buɗe tsinken a soka wa nama, ya nuna lamba cikin daƙiƙa kaɗan, a zare. Yana da sauri, kuma da shi ake bin sassan nama wuri-wuri.

Akwai mai waya. Tsinken yana zama cikin naman tun daga farkon gashi har ƙarshe, waya ta fito ta bakin ƙofar obin zuwa wani ɗan akwati mai allo da ke waje. Kina saita masa lambar da kike so, idan naman ya kai sai ƙararrawa ta kaɗa. Wannan shi ne ainihin na obin, kuma a kansa mafi yawan bayanina yake.

Sai marar waya, irin su Meater, wanda tsinke ne kawai da ke aika lamba zuwa wayar hannu ta bulutut. Yana da daɗin aiki, amma batirinsa da duk kayan lantarkinsa suna cikin tsinken ne, a cikin wuta. Na farkon da kamfanin ya fitar, ɓangaren da ke cikin nama ba ya jure sama da digiri 100, wanda ke waje kuma 275. Ga shi sai an yi masa caji, sai wayarki na da caji, kuma jikin obin na ƙarfe yana rage nisan da saƙon ke kaiwa. A gidan da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, ni ba zan fara da shi ba.

Idan ɗaya kawai za ki iya saye, kuma gashin obin ne aikinki, ɗauki mai waya. In da hali daga baya ki ƙara da na soka-ki-zare.

*Hattara:* kada ki bar na soka-ki-zare cikin obin ki rufe ƙofa. Jikinsa roba ne, allonsa zai yi baƙi, ya narke. Haka nan mai kamar bindiga da ake haskawa daga nesa, saman abu kawai yake aunawa, bai san abin da ke tsakiyar nama ba. Na asibiti kuwa iyakarsa digiri 42 ko 43, ba shi da hurumi a kicin.

2. Juya tsinken da wayar a hannunki

Nan ne ƙarko yake, don haka ki ba shi lokaci. In a shago kike, ki ce a buɗe miki kwalin. In ta intanet ne, ki buɗe hoton ki matso da shi sosai.

Fara da mahaɗa, wato daidai inda waya ta shiga gindin tsinke. Kusan duk tsinken da ya mutu, daga nan ya fara. Ruwa ko tururi ko maiƙo kan sulala ta wannan 'yar kafa ya isa ga ɗan abin da ke jin zafi a ciki, shi ke nan sai ya fara ƙarya. Na kirki za ki ga an matse mahaɗar sosai ko an toshe ta, kuma an naɗa mata ɗan murɗaɗɗen ƙarfe kamar sifirin, domin kada wayar ta karye a wurin in an lanƙwasa. Ki riƙe tsinken da hannu ɗaya, ki ɗan ja wayar a hankali da ɗayan. Idan kika ji tana motsi ko tana juyawa a ciki, ajiye shi.

Sai wayar kanta. Mai saƙar zaren ƙarfe a jiki ta fi jure wuta. Kamfanoni irin su ThermoWorks da ThermoPro suna rubuta cewa wayoyinsu na ƙarfe na jure wajen digiri 370 zuwa 380. Mai rufin roba mai laushi ta fi sauƙin gogewa kuma ba ta cika ƙullewa ba, amma zafin da take ɗauka bai kai haka ba. Gashin gida dai tsakanin 160 ne da 230, don haka kowacce za ta yi, sai dai obin ɗinmu na gas da yawa harshen wutarsu na leƙowa ta gefen faranti na ƙasa, kuma a nan mai ƙarfe ta fi ba ki kwanciyar hankali. Tsawonta ya kai mita ɗaya, domin akwatin ya zauna nesa da hucin obin.

Tsinken ya kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, tsawonsa kamar santimita 15, ya isa tsakiyar cinyar rago. Wanda bakinsa ya sirance ya fi, ba ya huda babban rami a nama kuma ya fi saurin jin zafi. Wanda aka lanƙwasa gindinsa kamar sandar tsoho yana da sauƙin kamawa, kuma yana shiga obin ɗin da ba shi da tsayi.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce: shin tsinken yana cirewa daga akwatin, kuma ana sayar da madadinsa shi kaɗai? Tsinke kamar tayar mota yake, komai kyansa wata rana zai gaji. Idan yana cirewa kamar yadda ake zare abin sauraro daga rediyo, ranar da ya mutu sabo kawai za ki sa. Idan a manne yake, ranar da ya mutu kuɗinki gaba ɗaya ya tafi. Ni yanzu ba na sayen wanda ba zan samu tsinkensa daban ba, kuma tun ranar saye nake haɗawa da na biyu in ajiye.

*Hattara:* tsinken wani kamfani ba ya aiki daidai a akwatin wani, ko da bakin ya shiga daram. Zai nuna miki lamba, amma lambar ƙarya ce. Ki nemi na kamfanin da ya yi shi, kuma na wannan samfurin.

3. Karanta lambobin jikin kwali

Abu huɗu za ki duba. Na farko iyakar zafin da yake aunawa: ya fara daga ƙasa da sifiri ya kai aƙalla 250, in ya kai 300 ya fi, don za ki iya auna man suya da shi. Na biyu kuskurensa, wanda ake rubutawa da alamar ±. Idan ±1 ne a ma'aunin Salshiyas, ya wadatar da gashin gida. In ba a rubuta komai ba, mai yin sa bai yarda da kayansa ba ke nan.

Na uku, lambar da ke farawa da IP, ita ke nuna yadda yake jure ƙura da ruwa. IP65 yana jure fantsamar ruwa, IP67 kuwa ko ya faɗa cikin ruwa mai zurfin mita 1 zai iya yin minti 30 bai lalace ba. Lambar 6 ta farko na nufin ƙura ba ta shiga, abin da duk wadda ta san hunturu a Arewa za ta yaba. Sai dai ki lura, sau da yawa wannan lamba ta akwatin ce kawai, ba ta shafi mahaɗar tsinke ba.

Na huɗu sauri. Ga mai waya sauri ba wani abu ba ne, tunda zaune yake cikin nama. Ga na soka-ki-zare kuwa, ki nemi wanda bai wuce daƙiƙa 3 zuwa 5 ba, saboda duk tsawon lokacin da ƙofar obin take buɗe zafi na gudu, hannunki kuma na shan huci.

*Hattara:* ki tabbata yana da maɓallin sauyawa tsakanin °C da °F. Da yawa suna zuwa ne a kan °F na Amurka. Wata ƙanwata ta saita ƙararrawa a 74, lambar dahuwar kaza a °C, ba ta lura a °F yake ba, wanda bai wuce digiri 23 namu ba, ko minti goma kazar ba ta yi ba ya fara ihu. In aka juya kuma, kika sa 165, wato 74 namu a lissafin °F, alhali yana kan °C, kazar za ta zama gawayi bai yi ƙara ba.

4. Batir, ƙararrawa da mazauni

Ɗauki mai cin batir AAA, wanda ko a teburin mai shagon unguwa za ki samu. Masu cin ɗan batir mai kamar kwabo, irin CR2032 ko LR44, sai kin je wurin masu gyaran agogo, kuma ranar da ya ƙare lallai ranar da kike da baƙi ce. Ƙararrawa ta kasance mai ƙarfin da za ki ji daga falo ko da janareta na aiki, ki sa a gwada miki. Allo mai haske na da amfani in an ɗauke wuta. Mai maganaɗisu a baya yana da daɗi, amma a jikin firji ko wani ƙarfe mai sanyi za ki manna shi. Ƙofar obin da gefensa suna ɗaukar zafin da ke dafa allo da batir.

Sauran ƙyale-ƙyale, irin hoton saniya da kaza da kifi a allo, ba su ƙara masa kwana ko ɗaya. Muddin kina iya saita lamba da hannunki, ya isa.

5. Kuɗi da wurin saye

Da yake kayan waje ne, farashinsu na bin dala, don haka da dala zan faɗa ki lissafa da canjin ranar. Mai waya na matsakaicin kamfani irin ThermoPro ko Inkbird yana kamawa daga wajen dala 15 zuwa 30. Na ThermoWorks, irin DOT da ChefAlarm, suna tsakanin 40 da 70. Thermapen ONE, na soka-ki-zare da masu dafa abinci a manyan otal ke ji da shi, wanda kamfanin ETI ke ƙerawa a Ingila, yana kai wajen dala 100. Yana ba da lamba cikin daƙiƙa 1, kuskurensa ±0.3, kuma IP67 ne. Marasa waya su ma can sama suke. A kan wannan sai ki ɗora kuɗin kawowa.

Ra'ayina, mai girkin gida ba ta buƙatar na dala 100. Na tsakiya da tsinke biyu ya fi mata na tsada da tsinke ɗaya. Amma ki guji na can ƙasa marar suna, wanda kwalinsa babu sunan kamfani, babu lambar samfuri, babu takardar bayani. Araha ba ta ado. Na farkon da na saya irinsa ne, gashi huɗu ya yi.

Ana samun su wurin masu sayar da kayan kicin da kayan kek a manyan kasuwanni kamar Sabon Gari a Kano, da kuma Jumia da Konga. In ta intanet ne, ki karanta ƙorafin waɗanda suka ba shi tauraro ɗaya ko biyu kafin na masu yabo. Idan mutum biyar sun ce tsinke ya mutu cikin wata guda, kin samu amsa. A shago kuma ki yi yarjejeniya da mai kaya tun kafin ki biya: "Alhaji, zan je in gwada yau, in ya yi ƙarya gobe zan dawo da shi." Mai kayan kirki ba ya ƙin wannan.

*Hattara:* idan kika ga sanannen suna a kashi ɗaya bisa biyar na kuɗinsa, jabu ne. Masu kwaikwayo sun iya buga suna a jikin roba.

6. Gwada shi ranar da ya shigo gida

Kada ki jira sai ranar biki. Gwaji biyu ne, kuma ba sa cin minti goma sha biyar.

Na ƙanƙara shi ne mafi inganci. Sayi ƙanƙara, naɗe ta a tsumma mai tsabta, ki farfasa da taɓarya ta yi ƙanana. Cika kofi da ita har baki, sannan ki zuba ruwan sanyi ya tsaya ƙasa kaɗan da saman ƙanƙarar. Juya, ki bar shi kamar minti ɗaya ko biyu. Soka tsinken a tsakiya kamar santimita 5, kina ɗan juyawa, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Ya kamata ya nuna 0, ko 32 in a °F yake. In ya kauce da digiri 1, babu laifi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ruwa ya yi yawa har ƙanƙara ta taso tana yawo a sama, sai ruwan ƙasa ya ɗara sifiri, a ɗora wa ma'auni laifin da ba nasa ba.

Na biyu tafasasshen ruwa. A nan mutane da yawa ke mayar da ma'auni mai kyau shago, saboda sun ji an ce ruwa na tafasa a digiri 100. A bakin teku ne haka, kamar Legas. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri 1. A Kano, da tudunta ya kusa mita 500, wajen 98 za ki gani. A Jos, da ta kai kimanin mita 1,200, wajen 96. To in kina Jos kika ga 96, ma'auninki gaskiya ya faɗa.

Wasu suna da maɓallin CAL na daidaitawa, ana danna shi tsinke na cikin ƙanƙara, takardar cikin kwali za ta nuna miki yadda ake yi. In babu, kuma kaucewar ba ta wuce digiri 1 ko 2 ba, ki rubuta a ɗan tef ki manna a bayansa don ki riƙa tunawa. In ta wuce haka, mayar.

*Hattara:* bakin tsinken kawai za ki tsoma. Kada mahaɗa ta shiga ruwa, kada kuma ki riƙe ta daidai saman tururi.

7. Soka shi inda ya dace

Ma'auni mai kyau a wurin da bai dace ba, ƙarya zai faɗa miki. Wurin da ake nema shi ne tsakiyar tsoka mafi kauri, nesa da ƙashi, nesa da kitse, kuma kada baki ya ɓulla ya taɓa faranti. Ɗan abin da ke jin zafin yana can kusa da bakin tsinken ne, don haka bakin za ki kai tsakiya. Dabarar da nake yi: in ɗora tsinken a kan naman daga waje, in auna inda tsakiya take, in riƙe wurin da yatsa, sannan in soka har yatsana ya taɓa nama.

A kaza ko zabo ko talo-talo, soka a cinya ta ciki inda ta haɗu da jiki, ba tare da taɓa ƙashi ba, sannan idan ƙararrawa ta kaɗa ki sake duba ƙirji. A cinyar rago, ta gefe mai tsoka, a kwance. In kin ji baki ya daki ƙashi, ja baya kamar faɗin yatsa ɗaya.

Lambobin da hukumar aikin gona ta Amurka ta gindaya su aka fi bi: kaza da duk dangin tsuntsu 74, niƙaƙƙen nama 71, gundumen naman sa ko rago ko akuya 63 tare da hutun minti 3 bayan an fitar, kifi 63. Waɗannan iyakar lafiya ce, wato inda ƙwayoyin cuta irin salmonela ke mutuwa. Daɗin baki daban. Mu dai ba mu saba da nama mai ja a ciki ba, don haka cinyar rago nake kai ta 72 zuwa 75. Kafaɗa da ake so ta riƙa saɓulewa daga ƙashi sai ta kai wajen 90, a wuta kaɗan-kaɗan. Cinyar kaza ta fi daɗi a 80 zuwa 85, musamman kazar Hausa mai jijiya, amma ƙirji in ya wuce 74 da yawa sai ya bushe.

Babban nama yana ci gaba da dahuwa bayan an fitar da shi, yakan ƙara digiri 3 zuwa 5. Don haka ga cinyar rago ki saita ƙararrawa ƙasa kaɗan da inda kike so, ki bar tsinken a ciki yayin hutu ki ga yadda lambar ke hawa. Ga kaza kuwa ki tabbata idonki ya ga 74.

Wajen fito da waya, bi ta gefen ƙofa inda robar ƙofar take da laushi, ki rufe a hankali. Ki duba kada wayar ta kwanta a faranti na ƙasa inda wuta take, ko ta taɓa ƙarfen da ke ja a obin na lantarki.

*Hattara:* in za ki kunna wutar sama don naman ya yi ja, zare tsinken tukuna. Zafin wurin ya fi ƙarfin kowace waya. Haka na kashe ma'aunina na biyu, minti biyar kacal. Kuma tsinken da ya fito daga obin wuta ne, sa tsumma, ki kama ƙarfen. Kada ki finciko shi ta waya.

8. Wanki da ajiya

Ma'aunina na uku kuwa yarinyar da ke taya ni aiki ce ta jiƙa shi cikin robar wanke-wanke tare da cokula, da kyakkyawar niyya. Laifina ne da ban gaya mata ba. Tsinke ba ya shiga ruwa gaba ɗaya. Ki riƙe shi baki na kallon ƙasa, ki goge ƙarfen da soso mai sabulu, ki sake gogewa da tsumma mai ɗan ruwa, ki tsane. Wayar tsumma mai laima kawai take so. Duk lokacin da ya taɓa ɗanyen nama, a wanke shi kafin ya sake shiga dafaffe.

Wajen ajiya, naɗe wayar a sake kamar faɗin tafin hannu. Kada ki ɗaure ta tamau a jikin akwatin, kada ki bari ta ƙulle, domin siraran wayoyin ciki suna karyewa a inda aka lanƙwasa. Nema masa gwangwani ko 'yar jaka shi kaɗai, nesa da wuƙaƙe. In za ki yi wata biyu ba ki taɓa shi ba, cire batir, zafin bazara na sa batir ya yi yoyo ya cinye ƙarafan ciki.

9. Idan ya fara nuna abin da ba ki gane ba

Idan allo ya nuna HHH ko LLL, ko layuka kawai, ko ya ce ɗanyen nama ya kai digiri 150, kada ki yi saurin jefarwa. Fara zare bakin wayar daga akwatin, ki goge, ki mayar har ki ji ya zauna sosai, sau da yawa bakin ne kawai bai zauna daidai ba. Sai ki canza batir. In bai daina ba, mai yiwuwa ruwa ne ya shiga mahaɗa. Cire tsinken daga akwatin, ki sa shi da wayarsa a faranti cikin obin mai ɗan zafi, kamar digiri 120, bakin da ke shiga akwati yana waje, na tsawon awa ɗaya ko biyu. Wani lokaci yana bushewa ya dawo. In ya dawo, maimaita gwajin ƙanƙara kafin ki sake yarda da shi. In bai dawo ba, ɗauko tsinke na biyu da kika ajiye, shi ma ki fara tsoma shi a ƙanƙara kafin ya ga nama.